Ranar da Karantina ta yi mana shiru

Shekarun baya, farkon zuwana aiki Jidda, ina da wata ɗabi'a da nake ɓoyewa kamar kayan sata. Da na taso daga ɗakin gwajin jini na asibitin da nake aiki, sai in koma ɗan ɗakina a unguwar Mahjar, in jawo ƙaramin fiyanon lantarki daga ƙarƙashin gado, in maƙala abin sauraro a kunne don kada maƙwabta su ji, in yi ta dagargazar kiɗan Barok. Ga wanda bai sani ba, tsohon kiɗan Turawa ne na shekaru ɗaruruwa, hannun dama na bin hanyarsa, na hagu na bin tasa, can sai su haɗu. A makarantar kwana na kwaso cutar a wurin wani malaminmu. Iyawa kam ban iya ba, amma naci, ba a magana.

Akwai wani zaure a intanet na masu irin lalurata, yawancinsu tsofaffi 'yan fansho daga ƙasashe barkatai. Kowa ya naɗi kiɗansa ya saka, saura su saurara su yi masa gyara. Dokar zauren ba ta da yawa amma tana da tsauri: a gidanka za ka naɗa, a kan fiyanonka, ɗauka ɗaya, ba yankewa, ba gogewa. Ko kyanwarka ce ta yi kuka, da ita za a ji. A ƙarshen shekara shugabar zauren, wata tsohuwar malamar kiɗa mai kunnen tsiya, takan tsince waɗanda suka fi tsabta ta haɗa su a kundi guda. Ba kyauta ake bayarwa ba, suna ne kawai. Amma a wurinmu shiga kundin nan babban al'amari ne.

Wata rana ina sauraren wani da ya saka nasa, kiɗa mai nauyi a fiyanon katako na gaske, sai daga can baya na ji muryar mace, da Hausa tsantsa:

"Wai uban wa ya bar mini famfo a buɗe?"

Wallahi saura kaɗan in faɗo daga kan kujera. Na mayar baya na sake ji. Hausa ce dai. Nan take na tura masa saƙo na ce, "Malam, Allah ya huci zuciyar Hajiya. An dai rufe famfon?" Amsar da ta dawo murya ce, rabinta dariya rabinta tari. Ashe yana nan Jidda, a unguwar Karantina, tafiyar 'yan mintuna tsakaninmu.

Haka na samu abokina, duk da a haife ya haife ni. Kakanninsa ta Sudan suka biyo a ƙasa zuwa aikin Hajji, suka zauna. Shi a Karantina aka haife shi, a nan ya yi furfura, kuma har lokacin yana bin layin sabunta iƙama, takardar izinin zama, kamar jiya ya sauka. Hausarsa rabi Larabci ce. A wani kamfanin jiragen ruwa ya yi aiki, inda wani Bature abokin aikinsa ya koya masa kiɗa, da zai koma ƙasarsu ya bar masa fiyanon. Ina ce masa Baba, shi kuma ya ce mini Dakta. Na gaya masa har na gaji cewa ni ba likita ba ne, jini kawai nake aunawa. Ya ce, "Halas, ya Dakta, na ji."

Baba ya daɗe a zauren fiye da ni nesa ba kusa ba, amma bai taɓa shiga kundi ba. Ba don hannunsa ba. Matsalar unguwar ce. Duk abin da ya saka, sharhin iri ɗaya ne: kiɗa ya yi kyau, amma hayaniya ta yi yawa. Wani ma ya taɓa tambayarsa ko a tashar mota yake zaune. Baba ya yi dariya a gabana, amma na ga abin ya sosa masa rai.

Sai muka tsara aiki. Safiyar Juma'a muke naɗa, lokacin da duk Jidda ke barci. To amma Karantina ba ta san wannan magana ba. Za mu kashe mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, saboda gurnaninsa, mu rufe taga, zufa ta yi ta tsiyaya, in jingina waya a kan matashi, in fita in tsaya a bakin ƙofa ina gadi. Aikina kenan, tare mutane. Baba zai fara, ya yi nisa, abin ya fara daɗi, sai motar ruwa ta danno hon a bakin titi. Ko maƙwabciya ta fara daka. Ko wani tsoho ya rangaɗa sallama tun daga farkon lungu, ya ƙi yin shiru sai an amsa. Ina yi masa alama da hannu, shi kuma ya ɗauka gaisuwa ce, ya ƙara murya. Matar Baba kuwa ba ruwanta da dokar zaure. Ta ce, "Ni da gidana a hana ni magana saboda wasu tsofaffin da ban taɓa gani ba? Ku zo ku ci waken ful tun burodin tamis ɗin bai huce ba."

Na ba shi shawara ya zo ɗakina ya naɗa a nawa. Ya dubi hoton fiyanona a waya ya ce, "Wannan ai rediyo ne mai haƙora." Na sake cewa akwai manhajar da ke goge hayaniya tsaf, ba mai ganewa. Ranar ce kaɗai ya ɗaure mini fuska.

"Ya Dakta, in yi wa mutane ƙarya da furfurata? Ni so nake in shiga da gaskiya, ko sau ɗaya, kafin yatsun nan su ƙi ni."

Ya miƙo mini hannuwansa. Gaɓoɓin sun fara kumbura, ƙaramin yatsan hagu ya soma lanƙwashewa. Daga ranar na daina ɗaukar zancen kundin da wasa.

Ana nan sai aka wayi gari da jan fenti a bangunan unguwar. Kalma ɗaya ce da Larabci, ikhla, wato a tashi. Za a rushe Karantina. Ba zan tsawaita a nan ba, waɗanda suka gani sun gani. Motocin kaya suka cika titi, katifu da tukwane da na'urorin sanyi a ɗaure da igiya, mutanen da suka shekara hamsin ƙofa da ƙofa suna musayar lambar waya suna kuka. Wasu suka yi gabashin gari, wasu arewa, wasu ba a ma san inda suka nufa ba. Matar Baba ta koma gidan 'yarsu, wani ɗan bene can nesa da teku. Baba ya ce zai biyo baya idan ya fitar da fiyano.

Nan fa aka yi ta. Lokacin da aka shigo da fiyanon, gidan fili ne, lungun ma mota na shiga. Daga baya Baba ya gina wa ɗansa ɗaki a tsakar gida, maƙwabcin dama ya turo bangonsa gaba, na hagu ma ya turo nasa, kowa na neman wurin da zai sa iyali. Har lungun ya zama idan mutum biyu suka haɗu sai ɗaya ya karkace. Ba wanda ya taɓa tunanin fiyanon zai fita, don ba wanda ya taɓa tunanin zai fita shi kansa. Masu dako suka zo, suka auna ƙofa da igiya, suka auna lungu, suka girgiza kai. Sai dai a fasa bangunan mutane, su kuma masu bangunan wasu ba su gama kwashe kaya ba. Ko an fitar ma, matattakalar gidan 'yar tasa ba za ta ɗauke shi ba. Babbansu ya ba shi haƙuri da Larabci, "Ma'alesh, ya ammi." Suka tafi.

Na yi zaton Baba zai yi faɗa. Bai yi ba. Ya shafa murfin fiyanon kawai ya ce in je gida.

Bayan wasu kwanaki ya kira ni. "Yalla, ya Dakta, gobe Juma'a. Ka zo da wayarka a cike, an yanke mana wuta."

Ban taɓa jin takun ƙafata a Karantina ba sai ranar. Ƙofofi a wangale, an cire tagogi an tafi da su, takalmin yaro ɗaya a tsakiyar hanya. Wurin mai gasa naman agashe babu komai sai baƙin toka. Can nesa ana hango motocin rusau a jere, an ajiye su saboda hutun Juma'a.

Na same shi a ɗakin da farar jallabiyarsa ta zuwa masallaci. An kwashe komai, darduma, labule, kujeru, sai fiyano da ɗan bencinsa. Na rasa matashin da zan jingina waya, sai na ɗora ta a kan bulo. Na danna, na fita na tsaya a bakin ƙofa kamar yadda na saba. Sai da na tsaya sannan na ga wautata: wa nake tarewa?

Ya fara. Wani kiɗa ne mai tafiya a hankali da ya shekara yana fama da shi. Ina tsaye a lungu ina ji, kowane sauti yana fitowa shi kaɗai, ya gama rayuwarsa, sannan na gaba ya zo. Ba hon, ba turmi, ba kukan jariri. Yatsan hagun ma ranar bai ba shi kunya ba. Ya kai ƙarshe bai yi tuntuɓe ko ɗaya ba. Na jira ya kira ni, ya daɗe bai kira ba, har na fara tunanin ko lafiya. Can dai na ji, "Ta'al, zo ka kashe abinka."

Ya rufe murfin, ya yafa masa wani tsohon zanen gado da matarsa ta bari. Da muka fito ya kulle ƙofar da makulli, ya sa a aljihu.

Ni na saka naɗin a zaure da sunansa, yadda yake, ban ko saurara ba, don zuciyata ba ta ba ni ba. Kafin yamma sharhi ya cika. Kowa na yabo. Wannan ya ce a ƙarshe dai an samu ɗaki mai kyau. Wancan ya ce ya taya shi murnar samun maƙwabtan kirki. Ba laifinsu ba ne, ba su sani ba, ni kuma na kasa rubuta komai. Cikin makon aka rushe layinsu Baba.

Ƙarshen shekara saƙon shugabar zauren ya iso. Naɗin Baba ya shiga kundi, shi ne ma ta sa a farko. Ta roƙe shi ya naɗi sauran kiɗe-kiɗensa a wannan ɗakin, kada ya canza komai. Sannan ta ce akwai 'yar magana da ya yi a ƙarshe da harshensu, tana son a fassara mata.

Sai lokacin na sa abin sauraro na ji. Sautin ƙarshe ya mutu. Shiru ya biyo baya, dogo, ba ko motsin iska, sai numfashinsa. Sannan muryarsa, ƙasa-ƙasa:

"Haba jama'a. Ko mai sallama babu?"

Na cire abin daga kunnena na zauna a gefen gado. Ni da na yi watanni ina korar masu yi masa sallama.

Washegari na je gidan 'yarsa. Na tarar da shi a barandar bene yana kallon titin da bai san kowa a kansa ba, matarsa na gefe ta yi tagumi, ita da ba ta iya minti guda ba magana. Na ce, "Baba, albishirinka. Ka shiga kundi, kai ne na farko."

Ya ce, "Alhamdulillah." Bai juyo ba.

Na tambaye shi ko in kunna masa. Ya girgiza kai. Na ce shugabar na son sanin abin da ya faɗa a ƙarshe, in fassara mata? Ya daɗe yana murza yatsan nan nasa, sannan ya ce, "Ka ce mata ba da ita nake ba."

Bai ƙara naɗar komai ba. Na kai masa nawa fiyanon na lantarki, ya yi godiya, bayan wata biyu na tarar an ɗora wa fiyanon kwanuka. Muna waya har yanzu, yakan tambaye ni aiki da mutanen gida, amma zancen kiɗa ba ya tasowa, ni ma ba na tayar da shi.

Ina cikin zauren har gobe, kuma har gobe ban iya ba. Duk sabon da ya shigo, naɗin Baba ake tura masa a ce ga yadda ake so, ya koyi tsabta. Na sha ɗaukar waya zan rubuta musu yadda aka yi tsabtar ta samu, sai in ajiye, don labarin ba nawa ba ne ni kaɗai, mai shi kuma ya ce ba da su yake ba. Ku ma da nake gaya wa yau, sai da na nemi izininsa, ya ce in dai da Hausa ne, in faɗa.

Abin yana damuna har yanzu, ba zan ɓoye muku ba. Mutum ya roƙi abu shekara da shekaru, na taya shi nema da zuciya ɗaya, ya kuma samu. Amma har yau ban san ko murna ya kamata in taya shi a barandar nan ba ko jaje. Ranar dai duka biyun na kasa, shayina na shanye na yi musu sallama.