Lakar Tsohon Gari

Salamu alaikum jama'a. Masu cewa shaƙiyyin garin Wara ya tuba shi ya sa kunka daina jin ɗuriyata, ban tuba ba. Jinya na yi.

Na shiga ƙungiyar tseren kwale-kwale ta unguwarmu. Al'adarsu, sabon matuƙi sai an kai shi tsakiyar ruwa, saman tsohon garinmu da dam ɗin Kainji ya cinye, ya nutse ya ɗebo laka. Wai gaisuwa ce ga kakanni. In ka taso hannu wofi, a danna kanka ka koma.

Na taso ba laka, sunka danna ni. Na sake tasowa, sunka sake. Ruwa ya bi ni ta hanci da baki, su kuwa dariya suke, don sun san ni da suman ƙarya tun makarantar allo.

Washegari zazzaɓi da tari, ƙirji kamar an aza min turmi. Na gaya ma Inna, ta ce in tashi in ba ta wuri, ta san halina.

Sai da ta ga jini cikin kakina ta yar da muciya.

A asibitin Yelwa anka ɗauki hoton ƙirji, anka ɗebi jini da kaki. Likita ya ce ruwa mai ƙazanta ya shiga huhuna, da mun ƙara jinkiri da wani zancen ake. Anka sa min robar iska a hanci, ga ƙarin ruwa, ga allura safe da marece. Inna ta sayar da tunkiyarta. Ni da bakina ba ya hutawa, fatiha ma sai na yanka ta gida-gida. Wallahi na ji tsoro.

Kyaftin ɗinmu Ɗanjuma ya zo dubiya, ya iske kakana Baba Tanko, wanda a tsohon garin anka haife shi. Ɗanjuma na ba da haƙuri yana cewa al'ada ce sunka gada. Tsoho ya ce:

"Daga wa? Ni na bar garin nan ina kuka, kabarin uwata na ƙarƙashin ruwan, ban taɓa aiken kowa laka ba. Ko ƙarin kabari kuke son yi muna?"

Ɗanjuma ya duƙar da kai.

Alhamdu lillahi an sallame ni, numfashi na dawowa sannu-sannu. Ƙungiya ta soke nutson. Sabon matuƙi yanzu kwalfe ruwan jirgi kawai yake yi, kuma saboda mugunta sun ce nawa na nan yana jirana.

Na gode ma Inna, da ma'aikatan jinya, da ku masu addu'a.

Wanda ya shaƙi ruwa ya fara tari, ku kai shi asibiti ranar. Masu ƙwallo da 'yan kokawa, ku bar wahalar da sabon shiga. In kuma shaƙiyyi ya ce muku ba shi da lafiya, ku taɓa goshinshi kafin ku yi dariya.