Maigandi Mai Kalangu da Ƙafar Motar Dodo

Akwai faɗan da Maigandi mai kalangu ya sha kashi, wanda har ya koma ga Allah mutanen Unguwar Rogo ba su daina ba da labarinsa ba, kuma a gabansa suke yi. Ranar wani suna ne a danginsu. Mata shida sun kewaye turmi suna luguden gero, shi kuwa yana zaure an ba shi furarsa, babu wanda ya tambaye shi komai. Sai ya ɗaga murya ya ce taɓarya ɗaya tana makara, kuma ya san mai ita, Iyatu ce. Iyatun nan taubashiyarsa ce, tun suna yara ba su taɓa gaisawa babu tsiya ba. Ta leƙo zaure da taɓarya a hannu.

"To zaka, sarkin kunne, gwada muna yadda aka yi."

Namiji da girman kai, ya shiga. A sauke na uku ya sami bakin turmi, turmi ya kife, kaji suka yi walima, taɓarya ta dira a kan babban yatsansa. Iyatu ta dube shi yana tsalle da ƙafa ɗaya ta ce, "Kunne dai Allah ya ba ka, amma hannu aro kay yi." Kwana bakwai yana ɗingishi, shekara goma sha biyu yana neman amsa.

Gajere ne, baƙi, da kunnuwa kamar faifan rufe ƙwarya. Mahauta yake yi wa kiɗa a kasuwa, kowane mahauci da takensa, kuma aikin ya iya shi, wannan ko maƙiyinsa ya sani. Ciwonsa ɗaya, ba ya iya jin abu yana bugawa ya ƙyale. Masaƙi in ya yi kuskuren taku sai ya tsaya ya gaya masa. Jaki ya wuce da kaya, ya ce wa mai shi a duba kofaton baya akwai ƙaya, a duba a samu, a kuma ji haushinsa. Mutum mai gaskiyar da ba a tambaye shi ba, wa ke son zama da shi?

To a shekarun da jirgin ƙasa ya fara isa Gusau, ɗan Iyatu, Dodo mai fataucin fata, ya sayo babbar mota, irin mai sandunan itace a cikin ƙafa. Ku 'yan yanzu ba za ku gane ba. Tsofaffi har daga gonakin Mabera suke zuwa kallo, wata ma ta kawo mata dusa. Wanda ke tuƙa ta Tukur ne, mijin Sadiyatu 'yar Maigandi, wanda ya koyi tuƙi a wurin Turawa.

Tafiya biyu lafiya lau. A ta uku mota ta fara magana: kwal, kwal, kwal, daga gaba, sitiyari yana rawa a hannun Tukur kamar mai zazzaɓi. In ya ƙara gudu abin ya haukace, dole ya koma tafiyar jaki. Aka kira bakanike ya buɗe inji sau biyu, ya rantse babu abin da ya same shi. Aka kira malami ya tofa. Ƙara tana nan. Dodo ya yanke hukunci cewa hannun direba ne ba shi da kyau, ranar Laraba in an loda fata wani zai ja motar.

Sadiyatu ta zo gidan ubanta da tsohon ciki, ta zauna ta miƙe ƙafa.

"Baba, kai da ka jin ƙaya ga kofaton jakin mutane, ba ka jin abin da za ya raba surukinka da abincinai?"

Washegari da hantsi Maigandi ya isa ƙofar gidan Dodo, kalangu a hammata. Dodo ya yi dariya ya ce, "Kawu, ba yanka za mu yi ba." Maigandi ya ce a dai tayar da motar.

Sai ga wata matsala. Gaban motar mutum biyu yake ɗauka, kuma suruki da suruki ba sa haɗa ido, balle kafaɗa. Tukur ya ja hula har gira, ya manne da ƙofa kamar ƙadangare. Maigandi ya kafa ido a gilashi. Dodo ya haye baya. Babu kowa a tsakaninsu, amma Maigandi ya gyara murya ya ce wa iska, "A ce ma mai tuƙi shi tahi sannu." Tukur ma ya amsa wa iska, "A ce ma Baba to."

Suka kama hanya. Maigandi ya rufe ido, yana bin ƙarar da yatsa a kan kalangu. Aka ƙara wuta, bugun ya yi sauri. Aka rage, ya lafa. Da suka kai gangaren da ke sauka gulbi ya ce wa iska a kashe inji a bar ta ta gangara. Inji ya yi shiru, amma kwal, kwal bai fasa ba.

"Cikinta lahiya lau," in ji shi. "Mai ciwon ciki in ya yi kwana nishi ka tsayawa. Wagga ƙahwa ta."

Aka tsaya a fili. Ya gwada gawayi bai fito ba a kan baƙar taya, sai ya tsinci farar ƙasa ya shata layi a ƙafar hagu ta gaba. Masunta da masu wanki suka taru suka tura, shi yana tafe a gefe a duƙe. Layin ya zagayo, bugun bai zo tare da shi daga nan ba, can ɗaya gefen yake fitowa. Ya koma dama ya shata. Duk sanda layin ya hau sama, kwal. Zagaye ɗaya, bugu ɗaya, ba ƙari ba ragi.

Aka ɗaga ta da jak. Ya kwanta a ƙasa da rigarsa ta zuwa kasuwa, ya zura hannun nan da aka ce na aro ne ta bayan ƙafar, yana juya ta a hankali. Sai ya taɓo wani dunƙule da jar laka ta rufe. Ya ɓamɓare lakar. Ƙahon rago ne cike da magani, an ɗinke shi da jar fata, an ɗaure tam a jikin sanda ɗaya ta ciki, inda ido ba ya kai wa. Kowane zagaye sai ya daki ƙarfen da ke juya ƙafar, dukan ya bi ƙarfe ya hau har sitiyari. Maigandi ya dubi ƙullin igiyar. Ya san shi. Da irinsa ake ɗaure bakin buhun daddawa a gida ɗaya tak a Unguwar Rogo. Ya yi wata dariya a ƙarƙashin mota har masunta suka ja da baya.

Aka yanke, aka sauke, aka tayar. Mota ta hau gangara sumul, babu ko tari. Tukur ya manta da kunya ya juyo ya dubi surukinsa ido cikin ido, sannan ya tuna, hula ta koma gira. Dodo daga baya yana ihu yana cewa Laraba Tukur ne zai ja, kuma a yafe masa.

Iyatu tana ƙofar gida suka iso, Maigandi ya sauko yana kaɗa ƙahon a sama. Ba ta ko musa ba.

"Ni niɗ ɗaura shi, sai mi? Doki ana rataya mai laya, balle baƙin ƙarhen Nasara da ba shi da salla! Ɗana guda za ni bari shi hau shi hakanan? Kuma ga dama niɗ ɗaura, don da dama Musulmi ka hwara taku. Tun da nis sa shi, kun taɓa hwaɗuwa? Ku hwaɗi, kun taɓa?"

Dodo ya sunkuyar da kai, wa zai yi musu da uwa a bainar jama'a? Maƙwabta suka fara gyaɗa kai, tana shirin cinye wannan ma. Maigandi ya gyara zaman kalangunsa, ya buga kwal, kwal, kwal, daidai yadda motar take yi, har da wata 'yar makara. Sannan ya miƙa mata ƙahon da hannu biyu.

"Magani ya yi, taubashiya, ban ce bai yi ba. Amma tun daga ƙohwar gida nig gane hannunki, don luguden nan makara shikai, irin naki na ran suna. Yau kau ko kin miƙo taɓarya, ba ni amsa."