Rantsuwa Ɗaya, Kwaleji Biyu

Har yau idan zan aika saƙo ta imel sai na karanta shi sau huɗu, in ajiye wayar, in je in sha ruwa, in dawo in sake karantawa. Umma ta ce idan haka zan riƙa yi kafin in yi wa mara lafiya allura, gara danginsa su fara neman likkafani tun ina sa safar hannu.

Tana da gaskiya. Amma ba haka nake da ba. Da ina aika abu ne kafin in yi tunani, shi ya ja mini.

A Madina aka haife ni, a unguwar Jurf muke zaune, amma takardarmu iƙama ce, ta baƙi. Baba direban bas ne. Yana ɗaukar masu Umra daga masaukinsu ya kai su Bi'ir Ali su ɗaura harami, sannan ya wuce da su Makka. 'Yar mai iƙama da take son zama likita ba ta da ƙofofi da yawa. Kwaleji mai zaman kanta kuwa, ko bas ɗin aka sayar ba zai kai ni ƙarshe ba, balle ma bas ɗin ba na Baba ba ne. Abin da ya rage shi ne minha, wato gurbin karatu kyauta da wasu kwalejoji kan ware wa irinmu. Da na gama sakandare na nemi biyu, ɗaya a nan Madina, ɗaya a Jidda. Duk biyun suka amsa da magana iri ɗaya: kina cikin jerin masu jira.

Na kai kuka wurin malamar da ta koya mana kimiyya. Ta ce akwai abin da ake yi. Sai ki rubuta wa kwalejin wasiƙa ki ce su ne zaɓinki na farko, idan suka ɗauke ki za ki zo. Hakan yana sa su tuna da ke idan gurbi ya samu. Sannan ta ɗaga yatsa ɗaya a gaban hancina.

"Wuri ɗaya ake aika wa. Alkawari ne. Kin ji ni?"

Na ce na ji. Na ma gyaɗa kai har sau biyu, kamar mai hankali.

Da Larabci na rubuta wasiƙar, a kan teburin girki, Umma na gyaran shinkafa a gefe. Ta yi kyau, amma da na karanta sai na ji ta bushe. A gidanmu ba a jin alkawari idan ba a ɗaure shi ba. Idan na ce wa Umma zan wanke kwanuka bayan la'asar, ba ta ko waiwayowa sai ta ce, "Ce wallahi." Da wannan na tashi. Sai na ga kamar likitocin nan ma za su karanta su ce, to, ai ba ta rantse ba. Don haka a layin ƙarshe, kafin gaisuwa, na ƙara: "Na rantse da Allah, idan kuka ɗauke ni ba zan je ko'ina ba." Na aika wa ta Madina. Na ji daɗin kaina ƙwarai.

Jin daɗin ya yi kwana biyu. A rana ta uku tsoro ya zo ya zauna kusa da ni. Idan ta Madina ta ƙi ni fa? Ta Jidda kuma ba ta ji komai daga gare ni ba, ta ɗauka ban damu ba? Na ga kaina shekara mai zuwa ina zaune a teburin nan ina tsince shinkafa, 'yan ajinmu na wucewa da fararen riguna. Na buɗe wasiƙar, na goge sunan kwalejin farko, na sa na ta biyu. Sau uku na duba sunan, don kada a kama ni da sakaci. Layin ƙarshe ban taɓa shi ba. Na aika.

Ina tsaka da sallar la'asar a ranar abin ya faɗo mini. Na rantse wa mutane biyu da Allah ɗaya a kan abu ɗaya. Idan duk suka ɗauke ni, dole ɗaya rantsuwar ta karye. Ban san raka'a nawa na yi ba, sai da na sake sallar.

Asabar da safe mukan je masallacin Ƙuba ni da Umma. A wannan Asabar ɗin na ɗaga hannu na yi addu'ar da ban jin wata ɗaliba ta taɓa yi a wurin nan. Na ce ya Allah ka sa ɗaya ta ƙi ni. Sai na tsorata na gyara: ɗaya kawai, ba biyu ba. Na sake gyarawa: in da hali, ta Jidda. Ashe leɓena na motsi da sauti.

"Me kika ce?" in ji Umma.

"Addu'a nake yi."

"Ai na ji. Wa zai ƙi ki?"

"Shaiɗan," na ce.

Ta dube ni ta gefen ido, ta ce amin, ta ci gaba da carbinta.

Bayan mako guda ta Madina ta kira ni ganawa. Baba ya roƙi abokin aikinsa ya riƙe masa tafiyar safe, ya aro motar maƙwabcinmu ya kai ni, da rigar aikinsa a jiki. A hanya sai washe baki yake yi. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake ce mini.

"Uwata, idan kin zama likita, bayan nan nawa za ki fara dubawa. Kyauta, ban da dogon bayani."

Na yi dariyar da ba ta wuce haƙori ba.

Wadda ta gana da ni babbar mace ce, likita, shugabar kwamitin zaɓe, da tabarau a ƙarshen hanci. Daktora kowa ke ce mata. Ta tambaye ni a kan darussa, na amsa. Ta tambaye ni me ya sa nake son aikin, na faɗi abin da na haddace a mota. Har na fara jin numfashina ya dawo. Sai ta jawo wata takarda daga ƙasan fayil, na hango wasiƙata an buga ta, an ja layi da jan biro a ƙarƙashin layin ƙarshe.

"Na daɗe ina karanta irin waɗannan," ta ce da Larabci. "Kowa mu ne zaɓinsa na farko. Amma ke ce ta farko da ta sako Allah a ciki. Kwamiti ya daɗe a kan layin nan." Ta dube ni ta saman tabarau. "Mu kaɗai kika rubuta wa, 'yata?"

Ina so in ce gaskiya ce ta motsa ni. Ba ita ba ce. Ni idan na tsorata bakina buɗewa yake yi da kansa, tun ina ƙarama, shi ya sa ba a taɓa ba ni ajiyar sirri a gidanmu ba. Kafin in shirya ƙaryar da ta dace, na ji kaina ina cewa:

"Da ta Jidda."

"Wannan wasiƙar?"

"Na canza sunan."

"Da rantsuwar?"

"Da ita."

Ta cire tabaran, ta murza idanunta, ta daɗe tana murzawa. Har yau ban sani ba ko ɓacin rai ne ko dariya take dannewa. Da ta mayar da shi ta ce gurbi ɗaya ne, mu biyu ne muka rage a kansa, kuma za ta gaya wa kwamiti abin da na gaya mata, don a kan layin nan ne wasu suka karkata gare ni. Ta ce in gaida gida.

Na fito na nufi wurin ajiye motoci. Baba na cikin mota ya buɗe ƙofa yana fifita da kwali. Ya dubi fuskata sau ɗaya, ya tayar da mota. Ba mu kai shataletale na biyu ba bakin nan nawa ya sake buɗewa, na zayyana masa komai, har da addu'ar Ƙuba.

Bai yi faɗa ba. Da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya sami inuwar wani gini ya tsaya, ya bar injin yana aiki saboda sanyi.

"Kin san abin da na fi tsana a aikina?" ya ce. "Mutum ya sa sunansa a bas biyu don kada ya rasa. In zo Bi'ir Ali in ƙirga, kujera ɗaya babu kowa, ba ni da ikon ba wani. Ga wani dattijo can a bakin titi da haraminsa, kai babu hula, rana na dukansa, an ce masa mota ta cika. Mai suna biyu kuwa yana can cikin ɗaya motar yana cin dabino."

"Baba, tsoro na ji."

"Shi ma tsoro ya ji. Wacce kike so a cikinsu?"

"Ta nan."

"To rubuta wa waccan ki janye."

"Yanzu? Ta nan fa ba ta ce ta ɗauke ni ba. Bayan abin da na faɗa musu ma ai…"

"Na sani."

"Idan suka ƙi ni, na rasa duka."

"Sai ki rasa da magana ɗaya a bakinki. Rubuta, Uwata, mai nake ƙona wa mutumin nan."

Na rubuta. Layi huɗu. Na ce na janye neman da na yi, na janye abin da na rubuta a wasiƙata, ina neman afuwa. Na karanta masa, ya ce ya yi. Na danna. Ba a yi minti ɗaya ba amsa ta shigo, irin wadda na'ura ke turowa: mun karɓi saƙonki, mun gode. Shi ke nan abin da Jidda ta ce mini a kan maganar. Wataƙila rantsuwar da ta hana ni cin abinci kwana goma babu ɗan Adam ɗin da ya karanta ta a can.

Bayan kwana biyar ta Madina ta rubuto. An ba ɗaya yarinyar gurbin. Ni ce ta gaba a jeri, idan wani abu ya canza.

Na yi kuka irin na wanda ya haƙa ramin da kansa, wanda ba a iya rarrashinsa da cewa ba laifinsa ba ne. Umma ta ji labarin duka a ranar, ta bar ni ta juya kan Baba.

"Ka sa yarinya ta saki reshe ta kama ganye."

"Wane reshe? Ganye biyu ne, ta saki ɗaya."

"Ita kuma wa ya aike ta rantsuwa a takardar makaranta?"

"Ban sani ba," in ji Baba. "Wa yake cewa a ce wallahi a kan wankin kwano a gidan nan?"

Umma ta shiga kicin ta rufe ƙofa. Tun daga ranar ba ta sake sa ni rantsuwa ba, sai dai ta tsaya a kaina har in wanke.

Mako uku na yi ina zagaya gida kamar kazar da aka tsoma a ruwa. Na daina duba waya, sannan na koma duba ta kowane minti biyar. Wata safiya ina yanka kuɓewa wayar ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Na ɗauka da hannu mai yauƙi, ta kusa suɓucewa cikin kwano.

Daktora ce da kanta. Ta ce ɗaya yarinyar ta sami wuri a Riyad ta tafi.

"Ita ma mu ne zaɓinta na farko," ta ce. "Sai dai ita ba ta rantse ba. Ke fa, me kika yi da ta Jidda?"

"Na janye. Tun ranar. Walla…"

"A'a. Kada ki fara. Turo mini saƙon in gani."

Na tura mata. Bayan azahar takardar ɗauka ta shigo.

Baba ya tambayi limamin unguwarmu ko akwai kaffara a kaina. Liman ya ce babu, tunda waccan ba ta ɗauke ni ba, rantsuwar ba ta karye ba, in dai yi istigfari in kiyaye bakina. Umma ta ce liman ba shi ya haife ni ba. Ta dafa shinkafa da kaza a babbar tukunya, ta zuba a mazubi goma, ta sa ni na rufe su ɗaya bayan ɗaya, Baba ya tafi da su Bi'ir Ali ya raba wa masu shara a wurin ajiye motoci. Da ya dawo ya ce ɗaya daga cikinsu ya tambaya ko sadakar mamaci ce, ya ce masa a'a, ta likita ce.

Saura mako biyu mu fara. Jiya suka turo takardar da zan sa hannu, a ƙasanta an rubuta cewa na yi alkawarin bin dokokin kwaleji. Na karanta dokokin duka, shafi goma sha ɗaya, har da na wurin ajiye mota, ni da ba ni da ko keke. Na ajiye biron na je na sha ruwa. Da na dawo Umma na tsaye a kan takardar, ta dafa ta da hannu.

"Guda nawa suka turo?" ta ce.

"Ɗaya."

"To sa hannu."