Jirgin da Maigidana Bai Hau Ba

Tsufa ya ɗauke mini abubuwa da yawa, jikokina ma sai na kira suna uku kafin in dace da wanda nake nema. Amma ranar da aka tura babban jirgin katakon nan cikin kogin Yamai ba za ta fita raina ba har a rufe ni da ƙasa. Yau ina zaune a unguwar Dar es Salam, nan Yamai, nesa da ruwa, amma da na tuna sai in ji warin gudron, kwaltar nan da ake shafa wa jirgi, a hancina.

Lokacin ba a daɗe da samun ƴancin kai ba. Manyan wani biro, wato ofishin gwamnati, na unguwar Filato suka sa aka yi jirgi irin na mutanen da, wanda yake ɗauko gero da gishiri tun daga Gaya. Allunan katako ne aka ɗinke da igiya, ba ƙusa ko ɗaya, ga doguwar sanda a tsakiya inda ake rataya tabarma iska ta tura shi. Aka gama, aka ɗauki foto, aka bar shi a bakin ruwa. Jirgi irin wannan kuwa kamar jinjiri yake, in ba a kula da shi ba sai ya bushe ya tsattsage. Sai aka yi shela a radiyo ana neman masu aikin sa kai, ba biya, amma da alkawarin ranar bikin ƴancin kai su ne za su tuƙa shi a gaban manya.

Maigidana minizye ne, aikin katako yake yi a kasuwar Katako. Mai shelar bai rufe baki ba ya miƙe tsaye. Na ce, "Malam, kai da Lahadi kaɗai kake miƙe baya, ita ma za ka ba ruwa?" Ya ce, "Ke dai ba ki sani ba. Irinsa Baba ya ja." A ranar ya ba ni labarin da bai taɓa ba ni ba. Mahaifinsa na cikin waɗanda aka kama aikin dole zamanin Nasara. Daga su sai walki, suna tafe a gaɓa da igiya a kafaɗa, bulala na sauka a bayansu. Ya ce, "Baba ya tsufa yana jan jirgi, bai taɓa zama cikinsa yana tafiya ba. Ni kuwa zan hau."

Daga nan Lahadi ta zama ta kogi. Shi da wasu sarkawa da wani Bazabarme amininsa, su kwashe ruwa da ƙwarya, su cusa tsumma da man kaɗe a bakin ɗinki, su shafa gudron, su canza igiyar da ta ruɓe. Bazabarmen nan bakinsa ba ya hutawa. In ya rako shi gida tun daga ƙofa zan ji yana cewa, "Uwargida, ga Bahaushenki na maido, bai nutse ba yau ma!" Ni ba mai fita ba ce, kasuwa ma sai dole, amma aikin ya biyo ni har tsakar gida. Tabarmar farko ta ruɓe, ni da maƙwabtana muka zauna muka saƙa wata da kaba, faɗinta ya fi ɗakina. Yatsuna suka farfashe, ban damu ba. Mutumin da na sani shiru-shiru ne, sai ga shi yana dawowa da laka har gwiwa yana ƴar waƙa.

Da biki ya matso ya sa aka ɗinka masa babbar riga shuɗiya, aka kai ta bugu ta dawo tana ƙyalli. Da safen ranar na ɗaura zanena mai kyau na bi shi. Bakin kogi ya cika maƙil, ga tutoci, ga makaɗa, ga ƴan lakwal, wato yaran makaranta, a jere suna waƙa, manya da baƙinsu na ƙasashen waje na ƙarƙashin rumfa. Masu aikin jirgi na tsaye gefe, ni kuma ina bayansu kusa, shi ya sa komai a kunnena aka yi.

Wani saurayin biro ya iso cikin kwat da karabat ɗaure a wuya, da tarin walki a hannu. Ɗan ƙasa ne kamarmu, Hausarsa tas. Ya ce, "To iyayena, a cire riguna a ɗaura wannan. Baƙi sun zo da abin ɗaukar foto, so ake su ga jirgin kamar a zamanin da. Wasu su shiga ciki, wasu su riƙe igiya ta gaɓa."

Maigidana ya ce, "Ɗana, wane zamanin?"

"Zamanin da mana, Baba. Tarihi ne."

"Na san tarihin. A bayan ubana na gan shi."

Yaron ba mugu ba ne, na lura bai ma gane ba. Agogonsa ya duba ya ce, "Baba, umarni ne daga sama. Wanda ke da riga ba zai shiga ba."

Sarkawa suka dubi juna, ɗaya bayan ɗaya suka tuɓe. Bazabarmen ma ya cire tasa, ya matso ya rage murya: "Haba abokina, duk lakar da muka sha? Riga ce, ba fata ba. In mun kai tsakiyar ruwa ka mayar da abinka." Maigidana ya ce, "Je ka, ban hana ka ba." Ni kaina raina ya rabu biyu, ban san wanne zan roƙa masa ba. Ya sa hannu a wuyan rigar, na ce shi ke nan zai cire. Ashe gyara ta ya yi.

Aka jawo wani ƙato daga cikin ƴan kallo, wanda ko ƙwarya bai taɓa ɗagawa a jirgin ba, aka ɗaura masa walki ya maye gurbinsa. Aka tura jirgi. Iska ta cika tabarmata, jama'a suka ɗauki tafi. Maigidana kuwa yana tsaye, idonsa na kan jirgin, sai na ji yana cewa a hankali, "A kwashe ruwan baya, yana taruwa a nan." Ba mai jinsa sai ni.

Muka tako har gida. Da muka shiga ya ce, "Tabarmarki ta yi kyau." Iyakar maganar ke nan. Bai sake zuwa kogi ba. Amininsa ya ci gaba da zuwa cin tuwo, amma wasan nan na ƙofa ya mutu. Bayan biki manya suka manta da jirgin, masu aikin suka janye ɗaya-ɗaya, ya tsage ya kwanta cikin laka, mata suka ƙarasa shi a murhu.

Ni ban yi lakwal ba, amma ranar na koyi karatu guda. Canza tuta abu ne mai sauƙi, canza idon da ake kallon talaka da shi ne aiki. Shi ya sa duk ɗana ko jikana da ya ce zai ba da ƙarfinsa kyauta, ba na hana shi. Cewa nake ya tambaya tun ranar farko: in aka zo nuna aikin ga mutane, a matsayin wa za a nuna ni?