Taku Arba'in Daga Rafin Kuyello

Mun tashi da asuba daga Zariya a lori, ni da Turawa biyu masu binciken duwatsu da suka ɗauke ni tafinta. Su zinariyar Birnin Gwari ta kai su. Ni kuwa kabarin mahaifiyata nake son gani, a kufan ƙauyenmu kusa da Kuyello, wanda aka tasa aka mai da bakin hanya ina yaro.

Tun daga Funtuwa suke musu. Ƙaramin ya ce ƙasashen duniya dā a haɗe suke, suka rabu, kuma har gobe tafiya suke. Babban ya ce tatsuniya ce: duniya yanƙwanewa ta yi kamar busasshen goro, duwatsu suka taso, amma ƙasa ba ta taɓa gusawa ba. Direba da ya ji fassarar ya ce in dai tana tafiya, ta taimaka ta kawo mana Birnin Gwari, hanyar nan ta ishe shi. Ni a raina bayan babban nake, don ina da ajiya a ƙasa.

A Kuyello na sha furar kwabo mai nono kakkaura, na shiga daji ni kaɗai. Kaburburanmu ba rubutu, sai fasasshiyar tukunya. Mahaifina ya taɓa ce mini taku arba'in ne daga rafi, ka fuskanci gabas. Na ƙirga, na durƙusa, na yi ta addu'a ina hawaye. Kewarta ta taso mini kamar jiya ta rasu.

Wani tsohon Bafulatani mai kiwo ya jira har na shafa.

"Malam, wa kake wa addu'a a tsohuwar kasuwa?"

Na gaya masa.

"Ayya. Ai rafin ba nan yake ba dā. Shekarar babban ruwa ya sake hanya, ya bi ta maƙabartar. Ga ta can, inda shanuna ke sha."

Na je bakin ruwan na karanta Ƙulhuwallahu.

Da muka komo Zariya, Turawan ba su gama musu ba. Abin da na koyo, ziyara ba ta son jinkiri. Shekara ashirin ina cewa baɗi. Yayata ta tarye ni a zaure.

"Ka same ta?"

Na ce, "Na yi mata addu'a, Yaya."