Giɓin da Nicol Ya Ƙi Karɓa

A ƙauyen Garth, idan ka tambayi tsofaffi abin da Nicol Linklater ya yi ranar yaƙin Summerdale, sai su kwashe da dariya su ce gini ya yi. Shi kuwa bai taɓa musu ba. Yakan ɗago kai ya ce ƙwarai kuwa, kuma gurasar da suka cika ciki da ita a hunturun shekarar, albarkacin ginin nan suka ci ta.

Nicol mutumin ganuwa ne. Garth, kamar sauran ƙauyukan tsibiran Orkney, tana da ganuwa da ta zagaye gonaki, wadda aka gina da curin ƙasa mai ciyawa, ɗaya bisa ɗaya. Da an gama shuka sai a kora shanu da tumaki da aladu bayanta, can kan tudu, ba su dawowa sai an girbe sha'ir. Kowane gida da yankin da yake kula da shi. Na gidan Linklater taki saba'in ne, daga rafi zuwa babban dutse.

Yana ɗan shekara tara yankin nan ya zube a hannun ubansa, mutumin da ya fi sanin hanyar tulun giya fiye da ta gona. Kafin a ankara aladu sun shiga sun tone rabin shukar ƙauye. Hunturun nan ciyawar teku aka dafa aka ci. Ba wanda ya ce wa yaron uffan, amma ya ga yadda mata ke kawar da kai idan uwarsa ta zo rijiya, kuma abin bai taɓa barin zuciyarsa ba. Ya girma gajere, mai faɗin kafaɗa, mai tsadar magana. Kullum da safe sai ya taka takin nan saba'in da shebur a kafaɗa kafin ya sa komai a baki. Matarsa Osla takan ce da a ce ganuwar na cin abinci, ita zai fara zuba wa kafin 'ya'yansa. Bai ga abin dariya a maganar ba, ya ɗauke ta yabo.

Shekarar da manyan gidan Sinclair suka ɓata, na Orkney da 'yan uwansu na Caithness da ke kudu, ƙetaren teku, a kan wanda zai riƙe tsibiran, Nicol bai san kan zancen ba, bai kuma nemi sani ba. Mutane ne masu suna ɗaya da kaka ɗaya, ga gonaki, ga jirage, amma bai ishe su ba. Na Caithness suka ƙetaro teku da mayaƙa, aka aiko cewa duk namijin da ke iya tsayuwa ya fito. Nicol ya fita da sheburinsa, tunda shi ne kaɗai makamin da hannunsa ya sani. Farkon watan Yuni ne, sha'ir ya fara rufe ƙasa.

Aka kara a kwarin Summerdale da ke bayan tudu. Ba a daɗe ba baƙin suka karye, suka watse cikin fadama, 'yan Orkney na bin su da gatura. Nicol yana can baya, ko rigar mutum bai taɓa ba. Abin da idonsa ya kama shi ne wasu daga cikin masu gudun sun nufi Garth, ga kuma dabbobin da ihu ya firgita suna gangarowa wajen ganuwa. Nan take ya bar wa masu yaƙi yaƙinsu.

Ya tarar da abin da ya yi shekara talatin yana tsoro. Taki uku na yankinsa sun zube, a tsakiyar giɓin kuma ga wani saurayin Caithness a yashe, ya yi ƙoƙarin haurawa ƙasar ta biyo shi, ƙafarsa ta gurɗe. Da ya ga mutum a kansa da shebur sai ya rufe ido. Nicol ko ta kansa bai bi ba, ya tsaya a bakin giɓin yana jibgar aladu har suka juya. Sannan ya jefa wa saurayin sheburin.

"Kai ka rushe? To, tashi ka gyara."

A Garth, wanda ya rushe ganuwa, ko wane ne, ba ya barin wurin kuma ba a taɓa lafiyarsa sai ya gyara, mai yankin ya duba ya ce ya karɓa. Kakanni sun kafa wannan ne don kada a tsaya dambe a bar giɓi a buɗe. Saurayin, Andro Mowat sunansa, bai iya yankan curin ƙasa irin nasu ba. Sai ya rarrafa rafi ya riƙa jawo faffaɗan duwatsu yana kafa su a tsaye, yadda ya ga ana yi a garinsu, yana cusa ƙasa a bayansu. Nicol yana tare dabbobi yana kallon wannan ɓarna, ransa na ƙuna.

Ana cikin haka sai ga maƙwabcinsa Gilbert Corrigall da mutum huɗu, jini a gaturansu, idanunsu sun rufe. Har sun wuce, don mutum a durƙushe yana gyaran ganuwa ba abin kallo ba ne a wurinsu. Duwatsun ne suka tsayar da Gilbert, ya tambaya wane ɗan Orkney ne zai kafa dutse a tsaye kamar na kabari.

"Ɗan Caithness ne," in ji Nicol. "Shi ya rushe, shi zai gyara. In na karɓa, ka yi abin da ka ga dama da shi."

Gilbert ya yi zage-zage, amma gonarsa ce ta biyu daga giɓin, ya kuma ci ciyawar teku a shekarar yunwa kamar kowa. Ya nemi wuri ya zauna da gatari a cinya. Wajen la'asar Andro ya gama, hannuwansa duk sun tsattsage. Nicol ya zo ya tura duwatsun da ƙafa, ya sa kafaɗa, ko motsi ba su yi ba. Aikin ya yi, kuma ya san ya yi. Ya dubi yaron mutane, da wuya in ya cika ashirin.

"Aikin banza," ya ce. "Ban karɓa ba."

Wannan ce ƙarya ta farko da ya taɓa yi a kan ganuwa, kuma ta yi masa ciwo ƙwarai. Gilbert ya dawo washegari, ya dawo jibi, amsar ba ta sake ba. Bayan mako guda sai ya fara zuwa ba gatari, daga baya ma yankan ciyawa ya ɗauke masa hankali. Osla ta ɗaure wa Andro ƙafa, ta ƙara kifi ɗaya a tukunya ba tare da ta tambayi kowa ba. Aka girbe sha'ir lafiya, rumbuna suka cika.

Hankula sun kwanta, jirage suna ƙetarawa, ba mai hana Andro tafiya. Amma ya ce ba a karɓi aikinsa ba, kuma shi ba ya barin aiki a rabi. A shekara ta shida ya auri Inga, babbar 'yar Nicol, wadda ita ta fara cewa tana so. Daga nan ranar duban ganuwa, da ake yi kowace bazara kafin a fitar da dabbobi, ta zama ranar nishaɗin Garth. Jama'a su taru a wurin duwatsun, Gilbert da furfurarsa ya tambaya, "Nicol, bana fa?" Nicol ya tura da ƙafa, ya yatsine fuska, ya ce bana ma da saura. A yi dariya, a tafi shan giyar Osla. Shekarun nan su ne mafi daɗi a rayuwarsa: jikoki a tsakar gida, gurasa mai zafi, ganuwa a tsaye.

Shekara talatin da huɗu aka yi a haka. Osla ta rasu, Gilbert ya bi ta, ƙafafun Nicol suka daina kai shi ƙarshen takin saba'in. Sai wani masunci ya kawo wa Andro saƙo daga ƙaninsa cewa gidan ubansu na nan ba kowa, ya zo ya riƙe. Andro ya ci gaba da harkarsa, amma tsohon ya lura duk ranar da sama ta washe yakan tsaya yana kallon kudu. Abin ya dami Nicol. Ya ga kamar ya ɗaure ɗan mutane da bakinsa tsawon rai, don kawai ba ya son rabuwa da shi.

Ranar duban ganuwa ya dogara sanda ya je, Inga na riƙe da shi. Bai tura dutsen ba, ya dai dafa shi.

"Na karɓa," ya ce. "Tun ranar farko aikin ya yi. Ba inda ban sake ginawa ba a yankin nan sai nan. Andro, ba ka da sauran aiki a kaina. Duk inda kake so, ka je."

Ba wanda ya yi dariya. Andro, wanda shi ma kansa ya yi fari, ya naɗe hannun riga. Sannan ya matsa wurin dutsen tsakiya ya sa kafaɗa, ya yi ta girgiza shi yana nishi, don ba ƙaramin kafi ya yi masa ba, har dutsen ya karkace, ƙasa ta zubo ta bayansa.

"Baba, idonka ya fara rauni," ya ce yana haki. "Dubi nan da kyau."

Nicol ya sunkuya ya duba, ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago sai ya share fuska da bayan hannu.

"Aikin banza," ya ce. "Je ka ɗauko shebur, aladu ba za su jira ka ba."