Baba Nehemiya da Kwamfutar da Ta Ƙi Gane Kanta

Ƙarfe bakwai da rabi na safe Baba Nehemiya yake jingine kekensa a gindin dalbejiyar ofishinmu a Gumel. Zai tsaya ya tambayi maigadi ya gwiwa, sannan ya shiga ya yaye ƙyallayen da ake rufe injuna da su, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da ɗan burushi. Kafin mu iso ya kunna kowanne ya saurari kukansa. Shekara ashirin da takwas ke nan da ya baro Fankshin da matarsa Rhoda da akwatin gyaran tafireta. A ƙarshen wannan wata na Disambar 1999 zai ajiye aiki, ni kuma Naja'atu, mai buga takardu, na ga bai kamata ya tafi ba a faɗi abin da na gani ba.

Ƙungiyarmu ƙarama ce, aikinta kula da rijiyoyin burtsatse a Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar. Masu tallafa mana sun ba mu kwamfuta ɗaya a 1995, muka zuba mata labarin kowace rijiya: zurfinta, irin famfonta, kaurin bututunta. Baba bai taɓa ganin cikin kwamfuta ba a lokacin. Amma shi mutum ne da ba ya iya zama kusa da abu bai san yadda yake aiki ba. Ranar da ta iso ya nemi izini ya kwance murfin, ya daɗe yana kallo bai taɓa komai ba, ya mayar.

A bazarar 1998 janareton ofis ya turo wuta da ƙarfi, babban allon cikin kwamfutar, wanda duk wayoyi ke haɗuwa a kansa, ya ƙone. Baba ya je Kano ya samo sabo ya ɗaura. Da aka kunna sai ta kawo rubutun Turanci: ba ta san wannan na'ura ba, lasisin tsarin da ke tafiyar da ita wata na'urar aka ba, a shigar da sabuwar lamba. Daga nan ba ta ƙara gaba ba.

A lokacin famfo arba'in da ɗaya ne a lalace. Masu tallafi sun aiko cewa motar kayan gyara za ta taso nan da kwana goma, amma sai mun tura musu irin kayan da kowace rijiya ke so. Tsofaffin fayil-fayil na takarda kuwa gara ta cinye rabinsu. Wani mai shago a Kano ya ce a kawo ya zuba wani tsarin da ba ya tambayar lasisi. Shugabanmu Malam Ɗantsoho ya kusa yarda, sai Baba ya nuna masa cewa yin haka zai share duk abin da muka tara, kuma ba halas ba ne. Ya roƙi kwana biyar.

Abin da ya ba ni mamaki, shi ba tsoro ne ya cika shi ba, tambaya ce. Ya ajiye tsohon allo da sabo a kan tebur ya ce da ni, "'Yata, murfi ɗaya, faifai ɗaya, ɗaki ɗaya. To ta yaya ta san an canza mata ciki?"

Kwana biyu yana bin littafin na'urar da ƙamus a gefe. Rana ta uku ya kira mu ya nuna mana wani ɗan baƙin abu, bai kai ƙwayar dabino ba, manne a kan kowane allo. Ya ce lamba ce a cikinsa, kamar shaidar da ake yi wa raƙumi a kasuwar Maigatari, kuma da sunan wannan lambar aka rubuta lasisin. Littafin ya ce wanda ya canza allo ya sanar da wakilin kamfani tsohuwar lamba da sabuwa, a ba shi wata lambar buɗewa. Takardar lambar da ke manne kan tsohon allon ta babbake, sai da ya aro tabaran Mama Rhoda ya ɗora kan nasa sannan ya karanta.

Wayar ofis ta daɗe a mace, don haka ya sake hawa mota zuwa Kano don ya buga waya. Sai a kira na shida ya samu ofishin wakilin kamfanin a Legas. Wata mai suna Charity ta karanto masa haruffa da lambobi goma sha shida, layin yana ta ƙara. Ya sa ta maimaita da sunayen garuruwa, B na Bauchi, D na Daura, har ta yi dariya ta ce ba ta taɓa samun mai kira daga wannan nisa ba.

Washegari ya dawo da hantsi, na shigar da su kamar yadda ya rubuta. Kwamfuta ta ƙi, ta ce saura gwaji biyu. Malam Ɗantsoho ya fita waje. Baba ya ce kada in sake taɓawa. Ya buɗe littafin ya jera duk lambobin misali da ke ciki, yana bi da tsinin biro, can ya ɗago.

"Kin lura? Haruffansu ba sa wuce F. Wannan da ta ce mini 'o', ba harafi ba ne. Sifili ne."

Na gyara wuri biyu, na danna. Sunayen rijiyoyinmu suka fito reras. Ranar muka buga jerin kayan, motar ta zo da abin da ya dace, kafin saukar damina famfo talatin da takwas sun dawo aiki.

Baba Nehemiya, mai kunnen jin ciwon inji, kai ne ka ƙi gajeriyar hanya a lokacin da kowa ya gaji. Kai ne ka zauna daga baya ka rubuta matakan nan da Hausa, ka sa na yi su a gabanka sau uku, ka ce ba ka son ilimin ya bi ka gida. Na taɓa tambayar Inna Safara'u, wadda ke ɗiban ruwa a wani ƙauye bayan Gagarawa Tasha, ko ta san wanda ya sa famfonsu ya tashi. Ta ce wasu masu mota ne. Da na kawo maka labarin, tambayata ka yi ko ruwan nasu yana fitowa da yashi.

Mun gode, Baba. Allah ya saka da alheri, ya ba ka lafiyar hutawa, kai da Mama Rhoda. Ku kuma masu tasowa, na'urori za su ci gaba da zuwa garuruwan nan da littattafan da ba a rubuta da harshenmu ba. In ɗaya ta ƙi ku, kada ku yi saurin cewa ta mutu. Ku jawo kujera, ku tambaye ta dalili.